Mary Oliver da Tafkin Blackwater

An haifi Mary Oliver ranar 10 ga Satumba, 1935, a Maple Heights, wani ƙaramin gari da ke gefen birnin Cleveland a jihar Ohio ta Amurka. Mahaifinta malamin makaranta ne. A wancan zamani birni bai gama cinye gonaki da kurmin da ke kewaye da garin ba, can kuwa yarinyar take gudu, domin gidansu ba wurin kwanciyar hankali ba ne. Sai da ta haura shekara 70, a wata hira da aka yi da ita a 2011, ta fito fili ta ce an ci zarafinta tana ƙarama. Takan yi fashin makaranta, ta cusa littafin waƙoƙin Walt Whitman a jaka, ta shige daji ta wuni. Tana da shekara 14 ta fara rubuta nata waƙoƙin.

Tana da shekara 17 ta kai ziyara Steepletop, gidan gonar marigayiya Edna St. Vincent Millay a Austerlitz, jihar New York. Millay, wadda ta ci kyautar Pulitzer a 1923, ta rasu a 1950, ta bar tulin takardu a hannun ƙanwarta Norma. Jinin Norma da na baƙuwar ya haɗu, Oliver ta yi shekaru tana taya ta tsara takardun. A tsakanin haka ta shiga Jami'ar Jihar Ohio, ta kuma shiga kwalejin Vassar, amma ba ta karɓi digiri a ko ɗaya ba. A Steepletop ɗin ne ta haɗu da Molly Malone Cook, mai ɗaukar hoto, wadda ta zama abokiyar zamanta fiye da shekara 40, ita ce kuma take tsaya mata wajen masu buga littattafai.

Littafinta na farko, No Voyage and Other Poems, ya fito a Landan a 1963. Cikin waɗannan shekaru ne ita da Molly suka tare a Provincetown, garin masunta da masu zane da ke can ƙarshen zirin ƙasar Cape Cod a jihar Massachusetts, ruwa ta nan, ruwa ta can. Sun taki sa'a ta wani fanni: a 1961 shugaba Kennedy ya sa hannu a dokar da ta keɓe gaɓar Cape Cod, saboda haka tudun rairayi da kurmi da ƙananan tafkunan da ke bayan garin suka tsira daga masu yanka filaye. Ɗaya daga cikin tafkunan shi ne Blackwater. Ba wani babban ruwa ba ne, amma sunansa ya zagaya duniya ta bakin mace ɗaya.

Kuɗi kam babu. Ita da kanta ta sha faɗin cewa yawon da take yi a daji har da na neman abin kaiwa baka: takan tono ƙumba a bakin teku, ta tsinci laimar kwaɗi irin wadda ake ci, da ƴaƴan itatuwan daji. Takan fita da sassafe da wani ɗan littafi da ya isa shiga aljihu, ta yi ta tafiya a hankali, ta tsaya, ta rubuta kalma biyu ko uku, ta ci gaba. Wata rana ta fita ba alƙalami, abin da ta so rubutawa ya kuɓuce mata, sai ta koma ta ɓoye fensirori a jikin itatuwan da ke kan hanyarta. Wannan shi ne aikinta, kullum, rani da hunturu, kuma a ganina duk darajar waƙoƙinta daga nan ta taso. Wanda ya leƙa tafki sau ɗaya zai ce yana da kyau. Wadda ta yi shekara 40 tana zuwa ta san watan da kunkuru ke fitowa yin ƙwai a rairayi, ta san reshen da mujiya ke sauka, ta san abin da zalɓe ke jira idan ya tsaya cik a cikin ruwa.

Suna ya zo a makare. American Primitive, na 1983, shi ya ciyo mata Pulitzer a 1984, tana dab da shekara 50. Dream Work ya biyo baya a 1986, a ciki ne waƙarta ta dinyoyin daji take, wadda har yau ake karantawa a wurin jana'iza da gefen gadon asibiti, a ciki ne kuma ta fara taɓo ciwon gidansu. A 1992 New and Selected Poems ya ci babbar kyautar littattafai ta ƙasar. Ta koyar a kwalejoji da dama, na ƙarshe Bennington, inda ta ajiye aiki a 2001.

A littafin House of Light na 1990 akwai waƙar da ta yi wa wata fara da ta sauka a tafin hannunta tana cin sukari. Ta kalli yadda muƙamuƙinta ke motsi gefe da gefe, da manyan idanunta, kafin ta buɗe fiffike ta tashi. A wata hirar rediyo a 2015 ta ce farar ta gaske ce, sukarin kuma daga kek ɗin bikin ranar haihuwar wata tsohuwa ƴar asalin Fotugal ya fito. Mu nan mun san fara a gona tana ɓarna, mun san ta a faranti da yaji. Kaɗan ne a cikinmu suka taɓa tsayawa su ga yadda take tauna.

Ba kowa ya yaba ba. Wasu masu sharhi sun ce harshenta ya cika sauƙi, ta cika murna da duniya, ta kau da kai daga rigimar zamani. Ban yarda da wannan ba, kuma dalilina yana nan kusa. Tun ƙarshen 2014, bayan faɗuwar garin Damasak a hannun mayaƙa, aka buɗe sansanin ƴan gudun hijira na Sayam Forage a cikin rairayi, nesa da kogi, don mutanen da suka tsallako kogin Komadugu. A 2015, bayan hare-haren Bosso da Diffa, aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana kamun kifi da cinikin tattasai, aka kwashe mutanen tsibiran tafkin Chadi. Masunci ko manomin tattasai da aka raba da bakin ruwa ya yi asarar abin hannunsa, ya kuma yi asarar wani ilimi: lokacin da ruwan Haɗeja da Jama'are ke isowa, inda kirinjijiya ke kwana, ranar da aka saba ganin shamuwa ta farko. Yaron da aka haifa a Sayam ba zai gaji wannan ba sai in wani ya faɗa ko ya rubuta. Mai cewa waƙar tsuntsu da tafki aikin ƙosasshe ce bai ga wanda aka raba da nasa tafkin ba. Muna da tushen irin wannan rubutu, ga Waƙar Damina ta Na'ibi Sulaiman Wali na Kano, sai dai rubutacciyar waƙarmu ta fi karkata ga wa'azi da siyasa, ta bar kogi da tsuntsayensa a bakin makiyaya da masunta.

Molly Cook ta rasu a 2005. Littafin Thirst na 2006 na makoki ne, a cikinsa kuma Oliver ta fi matsowa ga addu'a da ambaton Ubangiji fiye da dā. A ƙarshen rayuwarta ba ta rabuwa da waƙoƙin Jalaluddin Rumi. A 2012 aka gano tana da kansar huhu, aka yi magani ta samu sauƙi. Daga baya ta bar Provincetown ta koma Hobe Sound a jihar Florida, ƙasar zafi mai wasu itatuwa dabam, ta kuma ce ƙoƙari take yi ta so itatuwan bakin ruwan wurin, don ba su ta saba da su ba. Duk da haka ba ta ajiye alƙalami ba: Upstream, tarin maƙalunta, ya fito a 2016, sai Devotions a 2017, inda ta zaɓo waƙoƙi daga aikin fiye da shekara 50 ta jera su daga sababbi zuwa tsofaffi. Ta rasu a gidanta na Hobe Sound ranar 17 ga Janairu, 2019, sakamakon kansar jini da ake kira limfoma, tana da shekara 83.