Ƙwayoyin Hanji da Ciwon Damuwa: Abin da Bincike Ya Gano

A Shango da ke Minna, kamar a Sabon Ibadan ko Agege, idan mutum ya daina barci, ya daina jin daɗin abinci, ya ƙaurace wa mutane, sai a ce tunani ne ya yi masa yawa. Likitoci na kiran wannan ciwon damuwa, kuma yanzu masana sun fara leƙa cikin mai ciwon, ba kansa kaɗai ba.

Hanjin ɗan Adam na ɗauke da tiriliyoyin ƙwayoyin bakteriya, yawancinsu masu amfani. Suna narkar da ɓangaren hatsi da ganye da ciki ya kasa narkarwa, su fitar da sinadarai masu rage kumburi. Akwai kuma wata doguwar jijiya mai suna vagus da ke kai saƙo tsakanin hanji da ƙwaƙwalwa. Kusan kashi 90 cikin 100 na sinadarin serotonin a hanji ake yin sa, amma fa wannan ba ya shiga ƙwaƙwalwa kai tsaye; masu tallar magani kan ɓoye wannan bayanin.

A 2016, masana a Cork ta ƙasar Ailan sun sa wa ɓeraye ƙwayoyin hanjin masu ciwon damuwa, sai ɓerayen suka rage sha'awar ruwan sukari, suka riƙa ɗari-ɗari. A 2019, Jeroen Raes da abokan aikinsa a jami'ar Leuven ta Beljiyam sun bincika mutum fiye da 1,000, suka ga ƙwayoyin Coprococcus da Dialister sun yi ƙaranci a hanjin masu ciwon. Wani bincike na 2022 a Amsterdam, wanda har 'yan asalin Gana ya haɗa, shi ma ya ga alaƙar.

To sai dai alaƙa daban, sanadi daban. Mai damuwa cin abincinsa kan canza, wannan kaɗai na iya sauya ƙwayoyin.

Abin da ya fi shafarmu shi ne binciken 2010 da ya kwatanta yaran wani ƙauye a Burkina Faso da na Florence a Italiya. Yaran ƙauyen, masu cin gero da dawa da wake, sun fi yawan ire-iren ƙwayoyi masu amfani. Wato tuwon dawa, miyar kuka, fura da kindirmo mai tsafta, duk abincin da ɗan ci-rani ke bari ya koma taliyar leda da lemon kwalba.

Sai kuma kafso. Sayen Ampiclox ko Flagyl a kemis duk sanda ciki ya murɗa, ba tare da likita ya rubuta ba, yana kashe ƙwayoyin kirki tare da miyagun.

Fura ba ta maye gurbin magani. Wanda ya yi mako biyu cikin wannan hali, balle mai tunanin kashe kansa, ya je Babban Asibitin Minna, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna. Mazauna kudu kuwa ga na Aro a Abeokuta da na Yaba a Legas.