Babbar Guguwar Dusar Ƙanƙara ta 1888

Babbar Guguwar Dusar Ƙanƙara ta 1888 musiba ce da ta auka wa arewa maso gabashin Amurka da wani sashe na Kanada daga ranar 11 zuwa 14 ga Maris, 1888, ana kuwa lissafa ta cikin mafiya tsanani a tarihin ƙasar Amurka. Ta zo ne bayan kwanaki na sassaucin sanyi, sa'ad da jama'a suka zaci hunturu ya wuce, sai ruwan sama ya rikiɗe ya zama dusar ƙanƙara, iska mai ƙarfi ta yi ta tara ta tsibi-tsibi, har a wasu wurare tudunta ya kai mita 15.

Fiye da mutum 400 suka rasu, kimanin rabinsu a birnin New York, inda jiragen ƙasa suka tsaya cik, wayoyin tangaraho suka tsinke, al'amuran kasuwanci suka ɗauke na kwanaki. A bakin teku kuma jiragen ruwa kimanin 200 suka nutse ko suka kafe.

Wannan hasara ta ƙarfafa azamar hukumomi wajen binne wayoyi da gina hanyar jirgin ƙarƙashin ƙasa, wadda aka buɗe a Boston a 1897, a New York kuma a 1904.