Daso da Asalin Muguwar Mace a Fim ɗin Hausa

Ranar Talata 9 ga Afrilu 2024, jajibirin Ƙaramar Sallah, Saratu Giɗaɗo, wadda kowa ya sani da Daso, ta yi sahur a gidanta da ke Kano, ta kwanta, ba ta tashi ba. Shekararta 56. Daga birni har Kabo da Gwarzo, matan da suka sha tsine mata a gaban talabijin su ne suka dinga cewa Allah ya jiƙanta.

Rawar da ta shahara da ita ta girme ta nesa ba kusa ba. Muguwar kishiyar uwa tana nan a tatsuniya tun kaka da kakanni, ita ke hana 'yar bora tuwo ta tura ta rafi. Daga bakin kaka ta shiga dandamalin makarantu da rediyo, sannan talabijin: NTA Kaduna, da CTV da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a Kano. A lokacin samun macen da danginta za su bari ta fito a wasan kwaikwayo aiki ne ja, balle ta fito tana zagi da makirci.

A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, kasuwa ta buɗe. Kaset ya shiga har ɗakunan matan aure a ƙauyuka, su kuwa labarin gida suke so: kishi, uwar miji, auren dole. Saurayi da budurwa za su yi ta rawa da waƙa, amma in babu mai raba su, babu fim.

Nan Daso ta shigo a 2000 da Linzami da Wuta na kamfanin Sarauniya, bayan ta yi koyarwa. A ganina abin da ta ƙara shi ne ta ba muguwar mace wayo da barkwanci. Harara, riƙe ƙugu, habaici mai ratsa ƙashi, sai ka ji haushinta kana dariya, don ka san irinta a unguwarku. A 2016 Sarki Muhammadu Sanusi II ya ba ta aiki a fadar Kano.

Abin da ke min ciwo shi ne yadda sana'ar ke riƙe masu fitowa a matsayin iyaye irin su Daso. Sunan jaruma ke sayar da fim, kuɗin ma can yake tafiya. A 2022 Ladin Cima, wadda ta fara wasa tun zamanin talabijin, ta shaida wa BBC Hausa cewa 'yan dubbai ake ba ta in ta yi aiki. Wasu manyan Kannywood suka musanta, aka yi makonni ana cacar baki a kai.