Daga Hurumi Zuwa Gandu: Tarihin Filin Ƙwallon Lambu



Wasan nan da Turawa ke kira golf, Bahaushe ya raɗa masa suna ƙwallon lambu. Ni da yake sana'ata nazarin harshe ce, wannan suna ya daɗe yana ɗaukar hankalina. Galibin wasannin ƙwallo mun ba su suna ne daga gaɓar da ake buga su da ita, ko kayan da ake yin su da shi, kamar ƙwallon ƙafa da ƙwallon hannu da ƙwallon gora da ƙwallon dawaki. Shi wannan kuwa sai aka kira shi da sunan wurin da ake yinsa. Dalili a fili yake: wanda ya raɗa sunan daga bayan shinge ya hango wasan, abin da idonsa ya fi gani kuwa shi ne itatuwa da ciyawa kore shar, alhali ko'ina ya bushe. A ganina bai yi kuskure ba, domin tarihin wannan wasa tarihin ƙasa ne, watau wa ke da fili, wa kuma aka hana shiga.

Ga wanda bai san wasan ba, bayaninsa gajere ne. Ana buga 'yar ƙaramar ƙwallo mai tauri da sanda mai lanƙwasasshen kai, daga mafari har ta faɗa wani rami mai faɗin inci 4¼, wanda yake iya kasancewa yadi 400 ko fiye daga inda aka fara. Ramuka 18 ne a cikakken fili, wanda ya gama su da bugu mafi ƙaranci shi ya ci. Doka ta yarda mutum ya riƙe sanduna har 14 a jakarsa, shi ya sa ake ɗaukar yaro mai dakon jaka. Abin da nake so mu riƙe shi ne girman filin: cikakken fili yakan ci eka 150, wani ma fiye, kuma mutum huɗu-huɗu ake shiga. Da wuya a sami wani wasa da ke ba mutane kaɗan ƙasa mai yawa haka.

Asalin wasan a ƙasar Sikotlan yake, a gabar tekunta ta gabas. Tsakanin teku da gonaki akwai wata jigawa mai tuddan rairayi, wadda gishiri da iska suka hana ta yin amfanin gona ko itace, sai 'yar gajerar ciyawa. Mutanen can suna kiranta links. Da yake ba ta nomuwa, ba wanda ya damu ya mallake ta, sai ta zama ta gari duka, daidai da abin da mu muke kira hurumi. A nan ake kiwon tumaki, a nan mata ke shanya, a nan masunta ke baza komarsu, a nan kuma ake buga ƙwallo. Tumaki da zomaye su ne masu aske ciyawar, ramukan rairayin da a yau ake kashe kuɗi a haƙa kuwa iska ce ta fafe su, da dabbobin da ke fakewa daga sanyi. Ba mai gadi, ba ƙofa.

Farkon ambaton wasan a rubuce ma hani ne. A shekarar 1457 majalisar Sarki James na Biyu ta haramta golf da ƙwallon ƙafa, saboda sun ɗauke hankalin maza daga koyon harbin baka, ga kuwa Ingila a maƙwabta ana zaman doya da manja. Sarki ba ya kafa doka a kan wasan fadawa goma; wannan hani shaida ne cewa talakawa ne suka rungumi abin. A 1552 kuma babban limamin cocin St Andrews, John Hamilton, ya sami izinin kiwon zomaye a jigawar garin, amma a cikin takardar sai da ya tabbatar wa mutanen gari haƙƙinsu na yin golf da sauran wasanni a wurin. Har masu tallan kifi mata na Musselburgh an shirya musu gasa a 1811.

Kada in ba ku hoton da ya wuce gaskiya. Tun a lokacin akwai bambancin mai shi da maras shi. Ƙwallon da manya ke bugawa ta fata ce da ake cusa wa dafaffen gashin dinya, gwanin ɗinkinta ba ya wuce uku ko huɗu a yini, har takan fi sandar tsada. Attajirai kuma sun fara haɗa kansu ƙungiya-ƙungiya: na Leith su suka rubuta dokoki 13 na farko a 1744, na St Andrews suka kafa tasu a 1754, kuma su ne a 1764 suka rage ramukansu daga 22 zuwa 18, adadin da duniya ta bi. Amma ƙungiya daban, fili daban. Attajiri yana da ɗakin cin abincinsa da jar rigarsa, in ya fito kuwa a hurumi ɗaya yake bugu da maƙeri da masaƙi.

To, yaya aka yi hurumi ya koma gandu? Abubuwa uku ne suka haɗu a ƙarni na 19. A 1848 aka fara yin ƙwallo da wani ƙaro mai tauri da ake samu daga itatuwan ƙasar Malaya, sai farashinta ya faɗi, masu wasa suka yawaita. Jirgin ƙasa ya kai masu hutu daga Ingila bakin tekun Sikotlan, suka ga wasan, suka koma gida da sha'awarsa. Sa'an nan injin yankan ciyawa, wanda Edwin Budding ya ƙago a 1830, ya sa ana iya yin aikin tumaki ba tare da tumaki ba. Ɗan kasuwar London da ke son ya yi wasa ranar Asabar ba zai tafi teku ba, dole filin ya zo kusa da shi.

A nan ne matsalar take. Ƙasar cikin tudu ba jigawa ba ce, yawancinta laka ce mai riƙe ruwa, ciyawarta mai tsawo, kuma kowane taƙi nata yana da mai shi. Kafin ta zama filin wasa sai an saye ta ko an yi haya, an haƙa magudanai, an jido rairayi, an ɗauki leburori masu yanka da ban ruwa shekara duka. Wannan kuɗi daga aljihun 'yan ƙungiya zai fito, wanda ya biya kuwa ba zai yarda wanda bai biya ba ya shigo. Ka ga shinge ya samu ke nan, ba sai an kawo maganar girman kai ba, ko da yake shi ma bai daɗe ba ya biyo baya.

Ƙasar da ta fi dacewa kuwa tana hannun iyayen gijin Ingila. Tun ƙarni na 18 kowane babban basarake yana da gandun shaƙatawa kewaye da gidansa: ciyawa shimfiɗe, manyan itatuwa jefi-jefi, tafki na haƙa, barewa na kiwo. Gwanin tsara irin wannan wuri shi ne Lancelot Brown, kuma a wasu wurare sai da aka tashi ƙauye sukutum don kada bukkokin talakawa su ɓata wa mai gida hangensa. Daga shekarun 1870 alkamar Amurka mai araha ta karya noman Ingila, kuɗin hayar gonaki ya faɗi. A 1894 gwamnati ta ɗora harajin gado mai nauyi, Yaƙin Duniya na Ɗaya kuma ya cinye magada da yawa. Gandaye suka shiga kasuwa. Stoke Park, wanda dā gidan zuriyar William Penn ne, ya zama kulob a 1908, Harry Colt ya tsara filinsa. Moor Park ya bi sahu a 1923. Fadar basarake ta zama ɗakin shan shayin 'yan kulob. Lauya da likita da mai banki, waɗanda ɗayansu ba zai iya sayen gandu ba, sun haɗa kuɗi sun sayi zaman sarauta na yini guda a mako. (Shi Stoke Park ɗin, a 2021 kamfanin Reliance na Indiya ya saye shi a kan fam miliyan 57. Duniya rawar 'yan mata.)

Amurka ba ta da sarakunan gargajiya, saboda haka attajiranta suka ƙirƙiri gandun da kansu. A 1882 wasu masu kuɗin Boston suka kafa The Country Club a Brookline, watau kulob na bayan gari, domin hawan doki da sukuwa. Sai a 1893 aka ƙara ramukan golf guda 6. Wannan suna shi ya zama sunan irin wuraren duka. Shiga ba da kuɗi kaɗai ba ce. Sai ɗan kulob ya gabatar da kai, wani ya goyi baya, sa'an nan a jefa ƙuri'a a asirce, inda baƙar ƙwallo ɗaya ko biyu a cikin akwati ta isa ta rufe maka ƙofa, ba kuwa wanda zai gaya maka dalili. Da wannan dabara aka tsare Yahudawa da baƙaƙen fata da mata a waje shekaru aru-aru, sau da yawa ba tare da an rubuta ko kalma ɗaya a dokokin kulob ba.

Talaka ƙofa ɗaya ya samu, ita ce ta dakon jaka. A 1913 aka yi babbar gasar Amurka a filin Brookline, sai wani saurayi ɗan shekara 20, Francis Ouimet, wanda gidansu ke tsallaken titi, wanda kuma ya koyi wasan yana ɗaukar wa 'yan kulob jaka, ya kayar da zakarun Birtaniya biyu, Harry Vardon da Ted Ray. Mai riƙe masa jaka yaro ne ɗan shekara 10. Amurkawa suna son ba da wannan labari, amma ba su cika haɗa shi da ɗan'uwansa ba: ƙungiyar ƙwararrun 'yan wasan ƙasar ta rubuta a tsarin mulkinta a 1934 cewa farar fata kaɗai ke zama ɗanta, ba ta goge ba sai 1961. Kulob ɗin Augusta da ke jihar Jojiya, wanda aka gina a kan tsohuwar gonar baba ta zamanin bauta, ya yi shekaru masu dakon jakarsa duk baƙaƙe ne, masu wasa duk farare. Sai a 1975 baƙin mutum na farko, Lee Elder, ya buga gasar Masters a can. Kulob ɗin bai karɓi baƙar fata a matsayin ɗan ƙungiya ba sai 1990, mata kuwa sai 2012, shekara 15 bayan Tiger Woods ya lashe gasar da ratar bugu 12.

Yanzu bari mu dawo gida, domin wasan ya zo mana ne a jakar mai mulki. Duk inda Ingilishi ya kafa tuta yakan kafa kulob. Na Kalkata a Indiya tun 1829 yake. A ƙasar nan Turawan haƙar kuza sun buɗe filin Rayfield a Jos a 1913, na Kaduna ya biyo a 1921, 'yan shekaru bayan an mai da garin hedkwatar Arewa, a Ikko kuma kulob ɗin Turawa da na golf suka haɗe suka zama Ikoyi Club a 1938. Ƙasarmu ba ta ba su korayen dandamali irin na gida ba, sai suka riƙa cakuɗa rairayi da baƙin mai suna daɓewa kewaye da rami, yaro yana share sawu bayan kowane bugu. A kan irin wannan daɓe aka yi gasar Nijeriya a Ikoyi shekaru da dama, wadda Sandy Lyle ya ci a 1978.

Inda aka ajiye filayen ya fi yadda aka gina su muhimmanci. Bayan Ronald Ross ya gano a 1897 cewa sauro ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro, likitocin mulkin mallaka suka ba da shawarar a raba mazaunin Turawa da na 'yan ƙasa. Lugga ya mai da wannan ƙa'ida, Dokar Birane ta 1917 ta ƙarfafa ta: a bar fili mai faɗin yadi 440, watau rubu'in mil, wanda ba a gini a cikinsa, tsakanin unguwar Turawa da ta baƙaƙe. Hujjarsu sauro da gobara da ƙarar ganguna. Fili kuwa ba ya zama haka nan, sai aka yarda a yi filin sukuwa da na ƙwallon dawaki da na ƙwallon lambu a irin wannan sarari. Saboda haka a garuruwanmu filin bai tsaya ga zama wuri mai shinge ba, shi kansa shinge ne. Wanda ya dubi yadda Nassarawa ta Kano ta zauna nesa da ganuwa da Sabon Gari, da filayen wasan da ke yankin, zai ga sawun wannan tsari har yau.

Da aka sami mulkin kai a 1960, Bature ya tafi, kulob ya zauna. Manyan sakatarori da hafsoshin soja da manajojin banki suka gaji kujerun, kamar yadda lauyoyin London suka gaji fadar basarake. Ba mu tsaya ga gado ba ma: a 1991, shekarar da gwamnati ta tare a Abuja, aka buɗe filin IBB mai ramuka 18 da korayen dandamali na sosai, a tsakiyar sabon birnin da aka ce na kowa ne.

Ga abin da ya shafi ma'aikatan da ke zaune a nan, musamman na ma'aikatar ƙasa da safiyo. Filayen da dā suke bayan gari yanzu gari ya kewaye su, sun zama cikin 'yan wuraren da suka rage masu itatuwa da sarari, kuma kowace eka tasu ta yi tsadar da ba a taɓa zato ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha a hannun gwamna amana domin jama'a, ta kuma ba shi ikon soke takardar mallaka in maslahar jama'a ta buƙata. Fayil ɗin irin wannan fili in ya zo teburinku, masu nema biyu za ku gani a ciki: 'yan kulob da ke son a bar musu shingensu, da masu son a yanka shi fuloti-fuloti a yi kantuna. A ganina na biyun ya fi na farkon ɓarna, domin itacen da ke bayan shinge yana ba gari iska, siminti kuwa in ya hau ba ya sauka. Amma akwai mai nema na uku wanda ba ya rubuto takarda, shi ne mutumin gari. A St Andrews an yi shekara 20 da wani abu ana shari'a da rigima tsakanin masu wasa da masu kiwon zomaye bayan hukumar garin ta ci bashi ta sayar da jigawar a 1797, kuma a 1974 majalisar Birtaniya ta kafa hukumar amintattu ta riƙe filayen domin jama'a. Tsohon filin, wanda ya fi kowane daraja a duniyar wannan wasa, ba na kulob ba ne. Ranar Lahadi ba a wasa a kansa in ba lokacin babbar gasa ba, sai mutanen gari su fito da 'ya'yansu su yi yawo a kan ciyawar.