Wasa da Hira a Ƙasar Hausa Kafin Zuwan Turawa

'Yan uwa mazauna birane sukan tambaye mu, shin me yara da iyalai suke yi da lokacin hutunsu a zamanin da babu lantarki, babu rediyo, babu makarantar boko? Amsar ita ce, a ƙarni na 19 mutum ba shi yake zaɓar lokacin hutunsa ba. Yanayin shekara da hasken wata su ke yanke masa, sa'an nan kuma sai in ƙasa tana zaune lafiya.

Da damina wasa kaɗan ne, domin da zarar yaro ya iya riƙe fartanya yana gandu tare da mahaifinsa, yarinya kuwa tana kai abinci gona. Sai an yi girbi, rumbu ya cika, sa'an nan gari yake farkawa da kalankuwa da kokawa da dambe, rani ya yi nisa a fita farauta. Baturen nan Clapperton, wanda ya sauka Kano a 1824, ya kalli dambe da idonsa, ya kuma rubuta cewa mahauta ne gwanayen fagen. Duk wanda ya san dambe ya san har yanzu rundawa ba su saki wannan gado ba.

Idan farin wata ya fito, bayan an ci tuwon dare, sai a nufi dandali. 'Yan mata su yi da'ira suna gaɗa da tafi, yara maza suna langa, masu kalangu suna gefe, sarkin samari yana tsawatarwa kada a wuce gona da iri. Ba kowa ne ya yarda da wannan ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, jagoran jihadin 1804, ya soki kiɗan shagala da cuɗanyar maza da mata, amma a ƙauyuka dandali bai mutu ba. Abin da ya faru shi ne, wasa ya zauna kafaɗa da kafaɗa da karatu: yaron da ya yo kara aka hura wutar karatun allo, shi ne kuma zai shiga tashe in azumi ya kai kwana goma.

A daren duhu kuwa, ɗakin tsohuwa ne matattara. Tana kaɗi da mazarinta tana ba jikoki labarin Gizo da Ƙoƙi, a bi da kacici-kacici har barci ya ɗebe su ɗaya bayan ɗaya. An hana tatsuniya da rana, kuma a ganina hikimar a fili take, rana ta aiki ce. Mu da muka yi shekaru muna koyarwa mun san wuyar sa yara arba'in su yi shiru. Tsohuwa kuwa ba ta buƙatar bulala.

To, sai dai kada mu ɗauki zamanin nan kamar aljanna. Zamani ne na hari da bauta, shi ya sa dandali yake cikin ganuwa, kuma ana rufe ƙofar gari da faɗuwar rana. Mayaƙan Ningi suna kai hari ƙasashen Kano da Zazzau, na Maraɗi suna taɓa Katsina. Baba ta Karo, wadda aka haifa wajen 1877, kuma Mary Smith ta buga tarihin rayuwarta a 1954, ta ba da labarin wasanninsu na ƙuruciya, ta kuma ba da labarin yadda aka kama danginta sai da aka fanso su da kuɗin wuri. A bakinta labaran biyu a haɗe suke.

Haka ma Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da aka kama yana ƙarami aka mai da shi bawa. Bayan an 'yanta shi ya bi Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, zuwa Ingila a 1855. A can ne Schön ya zauna da shi yana rubuta abin da yake faɗa, har aka buga littafin Magana Hausa a 1885. Ke nan wasu daga cikin tatsuniyoyinmu na farko da suka shiga ɗab'i, daga bakin yaron da aka raba da ɗakin uwarsa suka fito.