Daga BlackBerry zuwa Android da iPhone: Wace Waya Ce Ke Tsare Kuɗin Ɗan Kasuwa?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, don waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Masu shago a Kakuri da Sabon Tasha da Barnawa suna yawan tambayata: Android ko iPhone, wacce ta fi tsaro? Kafin in amsa, bari mu koma baya kaɗan.

A watan Agustan 2001, zamanin Obasanjo, Econet da MTN suka fara aiki a Najeriya. Layi kaɗai yakan kai naira 20,000. A daidai wannan lokacin masaƙun Kakuri ke mutuwa. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta bi ta a 2007. Iyayenmu da yawa da suka rasa aiki sai suka koma saye da sayarwa, wasu suka kafa laima da teburi suna kasuwancin kiran waya. Nokia ce a hannunsu. Idan an sace, ka yi asarar waya da lambobin mutane, amma kuɗinka na nan a aljihu.

Sai BlackBerry ta zo daga Kanada, ta zama wayar ma'aikatan banki da manyan 'yan kasuwa. Sunanta a tsaro ya kai har Obama ya ƙi rabuwa da tasa da ya hau mulkin Amurka a 2009. A 2010 kuma Saudiyya da Daular Larabawa suka yi barazanar toshe ta, don jami'ansu ba sa iya karanta saƙonnin cikinta. To amma fa wannan kulle mai ƙarfi na kamfanonin da suka sayi nasu tsarin ne. Mai BBM na gida, mabuɗi ɗaya yake amfani da shi da sauran jama'ar duniya. A ranar 4 ga Janairun 2022 aka kashe hidimar tsofaffin wayoyin gaba ɗaya.

Waɗanda suka ture ta su ne iPhone, da ta fito a 2007, da Android a 2008. Apple gidansa a rufe yake, a nan ƙasar ba ka sa manhaja sai ta kantinsa. A 2016 ma ya ƙi buɗe wa hukumar FBI wayar wani ɗan bindiga. Google kuwa ya bar ƙofa a buɗe, shi ya sa Tecno da Infinix da itel suka iya kawo mana waya daidai ƙarfinmu. Ta wannan ƙofar ce kuma ake tura wa juna manhaja ta Xender, ba wanda ya san wa ya taɓa ta. Ku tuna da manhajojin bashi da ke kwashe lambobin mutum suna tona masa asiri wurin dangi, har sai da Google ya hana su taɓa lambobi da hotuna a 2023.

Kada kuma mai iPhone ya saki jiki. A 2021 aka bankaɗo yadda manhajar leƙen asiri ta Pegasus ke shiga iPhone ɗin 'yan jarida da masu fafutuka irinmu ba tare da sun danna komai ba.

Abin da ya canja lissafi a wurinmu shi ne banki ya tare a cikin waya. BVN ya zo a 2014, haɗa layi da NIN a ƙarshen 2020, sai ƙarancin takardun naira a farkon 2023 da ya tilasta wa har mai kayan miya karɓar transfa. Yanzu ɓarawo ba ya ma wahalar fasa waya. Layin yake cirewa ya sa a ƙaramar waya, ya nemo BVN, ya fara gwada lambobin banki. A nan iPhone da itel duk ɗaya ne.

Ni dai ga matsayata. Sabuwar iPhone ta fi yawancin Android masu araha tsaro, saboda Apple na shekaru yana aiko mata da gyara. Amma tsohuwar iPhone ta hannu da gyara ya daina zuwa mata ba ta kai Samsung ko Pixel na yanzu ba, waɗanda aka yi wa manyansu alkawarin gyaran shekara 7. Don haka kafin ka biya, tambayi mai sayarwa har yaushe wayar za ta ci gaba da samun gyara.

Sannan ka sa wa layinka lambar sirri yau ɗin nan. Kunna tsaro mai mataki biyu a WhatsApp, kada ka karanta wa kowa lambobi 6 ɗin da aka turo maka, ko da ya ce daga coci ko masallaci yake. Kada ka ba da kaya don ka ga alat, buɗe asusunka ka ga kuɗin da idonka. In da hali, raba wayar shago da wadda yara ke wasa da ita.

Ku tura wa wanda kuka san jarinsa na cikin wayarsa. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.