Kuɗin albasa a kasuwar Legas

Jama'a, ganin yaranmu na Wurno da Rabah na sayen hannun jari ta waya ya tuna mini 2007. Lokacin kasuwar hannun jari ta Legas sai hawa take, bankuna har bashi suke bayarwa a saya. Ƙananan kamfanonin mai da na fasaha kuwa, rububinsu ake. A Maris 2008 darajar kasuwar ta haura Naira tiriliyan 12. Kafin shekarar ta ƙare, kusan rabi ya zube. Irin su Japaul da Chams daga baya suka kwanta a kobo 50, shekara da shekaru.

Ni ribar albasar da na noma a Goronyo na zuba a wani kamfanin daban. Wallahi ban ma san me yake sayarwa ba. Takardar na nan cikin akwatin Inna.